Shekarar da Na Yi Noma da Bindigar Wuta

Daga Bagwai har Minjibir, ku tambayi duk dattijon da kuka ga dama, babu manomin da ya riga ni riƙe wuta a hannu yana nuna mata inda za ta ci da inda za ta bari. Ni ne na farko, kuma da na ajiye babu wanda ya yi ƙarfin halin ɗauka. Ranar da na kunna bindigar wutar nan, rugugin ya kai har Kano, an ce wasu 'yan koli sun fara kwashe kaya suna zaton hadari ne ya haɗo. Na san baffanku Sule yana ba ku labarin nan ta wata fuska, wai na ƙone rabin gari da girata duka biyu. Ƙarya yake yi. Gira ɗaya ce, kuma ta fito. Gari kuwa ko tsinke ban ƙone ba, shi ya sa ma na zauna nake rubuta muku wannan, tun da furfura ta fara yi mini sallama, don ku ji daga bakin mai bindigar.

Zamanin Turawa ne, cikin shekarun da gyaɗa take tashe, ban daɗe da auren mahaifiyarku Talatu ba. Muna cikin gandun Baba, ni da Sule, muna noma gonar gida tare, a ci daga rumbu ɗaya. Amma duk ɗan da ya yi aure yana sa ran a yankar masa gayauna, wato 'yar gonarsa ta kansa da zai noma ranar hutun gandu, abin da ya samu nasa ne. Baba ya nuna mini wata a bakin fadamar Watari, ya ce idan na gyara ta kafin ruwa ya sauka, tawa ce. Ta kakanmu ce. Da ƙarfinsa ya ƙare ya hana kowa taɓa ta har ya rasu, sai tofa da ƙirikiri suka yi mata sarauta. A ƙasarmu, inda gona take manne da gona babu ko masaka tsinke, wannan ce kaɗai aka bari ta yi gemu. Na kai mata fartanya sau ɗaya, fartanyar ta dawo tana kuka.

To, ina cikin wannan tunani sai na kai gyaɗa sikeli, na ji ana cewa Baturen gona ya koma ƙasarsu, kukunsa yana ta rabuwa da tarkacen da ya bar masa. Na leƙa don kallo. A jikin bango na hango ta, bindigar wuta ta ƙona ciyawa: tanki kamar ƙaramin tulu, da famfo irin na keke, da dogon bututu, a bakinsa wani murɗaɗɗen ƙarfe kamar gammo cikin gwangwani mai huji-huji. Na taɓa ganin wani lebura daga nesa a gonar gwaji yana yawo da ita, tana aman wuta, ciyawa tana kwanciya a gabansa kamar talakawa sun ga hakimi. Nan take na ga gayaunata fes, na ga albasa, na ga kaina a kan keke. Na tambayi kukun ko akwai takardar da take bayanin yadda ake kunna ta. Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Takarda ta bi mai ita jirgin ruwa. Ko tana nan ma, da wane Turancin za ka karanta ta?"

Na ce shi fa, ya iya? Ya ce shi aikinsa miya, abin da ya sani kawai ba a barin kare ya zo kusa. Da wannan ilimi na rabu da shi, bayan na ba shi ragon da nake kiwo don layya. Rago ne da sai mutum biyu suke juya shi, in ya yi tafiya ƙasa tana amsawa. Mahaifiyarku ce take jiƙa masa dusa safe da yamma, kuma har yau in rai ya ɓaci takan tuna shi da suna.

Da na shigo gida da ita a kafaɗa, Inna ta ɗauka butar alwalar Turawa ce. Talatu ta tambayi ina ragon, na nuna mata bindigar, ta juya ta shiga ɗaki. Ni kuwa na tsaya tsakar gida na buɗe baki: daga yau an daina gayya a garin nan, an daina dafa wa ƙattai tuwo don su yi maka noma, mutum ɗaya da bindiga ɗaya ya ishi gona. Baba yana zaure yana jina. Kun san ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah, sai dai ya ce "kai" ko "wancan". Ya fito, ya zagaya bindigar kamar mai taya jaki, ya taɓa ta da sanda, sannan ya zauna.

"Kai, saurara. Gonar nan maƙwabta ne zagaye da ita. Ka yi wasanka. Amma in wutar nan ta ci kara ɗaya wanda ba namu ba, gayauna ta zama ta Sule, kai kuma ka ci gaba da noman gandu har gemunka ya yi fari."

Na waiga na ga Sule yana kallon sama, yana ƙoƙarin ɓoye haƙoransa.

Tun daga ranar gidanmu ya koma makarantar bindiga, kowa malami. Tambaya ta farko, me take sha? Wani direban motar gyaɗa, abokin wasana, ya ce zai tsiyayo mini fetur, wutarsa ta fi kaifi. Na kusa yarda, don ni duk abin da aka ce ya fi kaifi ina so. Inna ce ta ce a buɗe mata tankin. Ta kai hanci, ta shaƙa, ta yamutsa fuska, ta ce wannan warin fitila ne, kananzir ne abincinta, kuma baƙon da ka samu yana cin tuwo ba ka ɗura masa barkono don ka ga abin da zai yi. Na yi gardama kaɗan don kada girma ya faɗi, amma kananzir na saya. Daga baya na ji labarin abin da fetur yake yi in an matse shi da iska kusa da wuta. Da na bi direban nan, da yanzu ba ku da uba, ba ku da kaka, wataƙila unguwar ma sai dai a nuna muku gurbinta.

Sai famfo ya ƙi kamawa. In na buga sai ya wuce salalam kamar cokali a kunu. Na kwance shi na tarar da 'yar fata a ciki ta bushe ta ƙandare, na kai wa baduku ya yanko sabuwa, muka jiƙa ta da man gyaɗa, famfo ya fara turjiya. Na kuma tuna yadda mai facin keke yake neman huji, sai na buga iska a tankin tun babu kananzir, na bi duk mahaɗa da kumfar sabulun salo. Wuri ɗaya ya yi ƙwai-ƙwai, na ɗaure shi tamau har ya yi shiru. Ina ta murna ina cewa gobe sai gona, Baba ya ce a'a. Ya ce sabon doki ba a fara hawansa a kasuwa, a je da ita tsakiyar rafi. Bazara ce, Watari ta ƙafe, sai rairayi fari tas, babu abin da wuta za ta ci ko ta yi kuka.

Ban gayyaci kowa ba, na dai faɗa wa mutum biyu a masallaci, sai ga gari duka a bakin gaɓa, har da masu tallar ƙosai. Na fito cikin babbar rigata ta aure, wadda hannunta ɗaya zai yi wa yaro ɗaki. Talatu ta tare ni a ƙofar gida, magana ta farko da ta yi mini tun batun rago.

"Malam, cire rigar nan. Kai in ka ƙone za ka warke, ita ba za ta warke ba."

Haka na je da 'yar shara da wando, kamar mai shirin dambe. Na buga famfo har hannuna ya gaji, na murɗa makunnin, na sa Sule ya miƙo bakin wuta a kan dogon kara. Jama'a, abin da ya fito ba harshen wuta ba ne, kogi ne. Kananzir ne tsagwaronsa ya yi tsiri yana ci, ya tashi sama ya lanƙwasa ya sauka can nesa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, wani ɓangaren ya dawo ya gaishe ni a fuska. A nan girar ta tafi. Jakunan masu ɗiban yashi suka tsinke, wani an ce sai a Bagwai aka kamo shi. Mutane kuwa suka ɗauki sowa, makaɗi ya fara yi mini kirari, kowa ya ɗauka haka ake so. Ni ma haka na ɗauka. Na rufe makunnin da ƙyar, na juyo ina ɗaga hannu kamar wanda ya ci yaƙi.

Baba bai yi sowa ba. Ya ja ni ya nuna mini rairayin. Duk inda kananzir ɗin ya ɗiga, wuta tana nan tana ci a kan yashi tsura, tabki-tabki, ba ta da niyyar mutuwa. Ya ce in yashi ya kama haka, me nake zaton dangar mutane za ta yi? Sai na hango Sule a zuci yana shuka albasa a gonata.

Kwana na yi ina juya abin a raina, har na tuna fitilar gas ta akawun sikeli. Na sha ganin yadda ake kunna ta: ba a buɗe mata mai sai an fara gasa wuyanta da 'yar wuta, in ta yi zafi sai man ya koma tururi, ta yi fari tana huci. In aka yi gaggawa sai ta yi irin haukan da tawa ta yi. Ashe murɗaɗɗen ƙarfen nan ba ado ba ne, so yake a gasa shi. Muka koma rafi, wannan karon ba ƙosai. Na jiƙa tsumma da kananzir na tura ƙarƙashin ƙarfen, na kunna, na ja da baya na jira. Jiran nan shi ne aikin da ya fi kowane wuya a rayuwata. Da tsumman ya kusa cinyewa na buga famfo kaɗan, na buɗe makunnin a hankali kamar mai buɗe ɗakin da jariri yake barci. Ta yi tari, ta tofa, sannan ta kama: harshe gajere, shuɗi, ba hayaƙi, yana gurnani kamar zaki a rijiya. 'Yan kallon da suka biyo mu suka ce ta lalace, ta jiya ta fi. Ni kuwa na san na kama linzaminta.

A rafin nan na koyi sauran. Iska ta kasance a bayanka, in ta juyo ka rufe. Ba a ƙara mata kananzir tana da zafi. In ka gama ka rufe makunni, ka jira wutar bakin ta mutu, sannan ka sassauta murfin tanki iskar ta fita. Kuma bututun yana riƙe zafi bayan wuta ta mutu, ya yi lamo kamar bai san komai ba. Wannan darasin ba ni na biya kuɗinsa ba. Ku ce wa baffanku ya nuna muku tafin hannunsa na dama, tunda shi mai son ba da labari ne.

Amma labarin kogin wuta ya riga ya zaga gari, maƙwabtan gonar suka yi sallama a zauren Baba. Malam Audu yana da harawa jibge a kan gawon da yake kan iyakarmu ta gabas, abincin dabbobinsa har damina. Gwaggo Hajara, ƙanwar Baba, tana da shingen lalle ta kudu, da shi take sayen gishiri da sabulu. Ta yamma dangar rogo ce, ta arewa layin gamba da mai shi yake jira ya yi zana. A wurinmu babu abin da ake kira ciyawar banza, kowane kara da mai shi da ranar da aka tanadar masa. Suka ce ba su yarda ba. Baba ya ce ya riga ya ba ni magana, amma za a share iyaka da fartanya, a yi fili tsirara tsakanina da kowa, a tanadi ruwa da ɗanyen ganye. Na ce wannan ai aikin mutane da yawa ne. Baba ya ce ƙwarai, sai in kira gayya.

Ni da na yi shelar mutuwar gayya, ni ne na bi gida-gida da goro ina roƙon samari. Inna da Talatu suka kwana biyu suna daka, aka dama fura a manyan ƙore, aka tuƙa tuwo. Da hantsi ƙattai suka jeru, makaɗi ya saki ganga, fartanyu suka fara sara daga gefe suna yin ciki. Na auna musu faɗin da ya isa, na koma gindin gawo ina goge bindigata. Sai Malam Audu ya zo ya ce shi harawarsa a sama take, tartsatsi kuma sama yake tashi, a ƙara masa. Aka ƙara. Gwaggo Hajara ta ga an ƙara wa Audu, ta ce ita lallenta ba 'yar kishin kowa ba ce amma ba za a raina ta ba, a ƙara mata fiye da nasa. Mai rogo ya ce danga ta fi lalle saurin kamawa. Mai gamba kuwa karɓar fartanya ya yi ya ƙara wa kansa. Audu ya dawo ya ga nasa ya zama mafi ƙanƙanta. Ganga tana ta zuga samari, su kuwa in sun ji kiɗa ba su san tsayawa ba, suna ta tumɓuke tofa har saiwa, mata suna kwashewa suna kaiwa rafi. Ina ta kai da kawo ina cewa ya isa, ba mai jina.

Da aka tsaya shan fura na je na duba. Gayauna dama ba wata babba ba ce. Abin da ya rage mini a tsakiya, in aka shimfiɗa tabarma biyu sai gefensu ya hau kan sharar.

Amma ni ba a ga alamar karaya a fuskata ba. Na sa aka jera tuluna, aka yayyafa wa danga ruwa, samari suka zagaye wurin da rassan sabara, Sule yana riƙe da jiƙaƙƙen buhu ta wajen lalle. Na jefa ƙasa sama na ga inda iska ta nufa. Na gasa ƙarfen, na jira, na buɗe. Ta yi gurnaninta, makaɗi ya canza kiɗa, na shiga tofar nan ina tafe ina lilo da bututu. Wallahi daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba, tofar da ta karya mini fartanya tana narkewa a gabana tana ƙara. Na ji kamar a ce duniya duka tofa ce.

Ina gab da gamawa sai ga 'yar guguwar bazara, irin wadda take tasowa ba sallama. Ta shigo tsakiyar wurin, ta suri wani dunƙulen tofa yana ci, ta ɗaga shi ta yi kudu da shi. Na rufe makunni, amma ba ni da ikon jefar da bindiga mai zafi in bi shi. Ina tsaye ina kallo ya tsallake sharar nan duk faɗinta, ya sauka dab da gindin lallen Gwaggo, inda busassun ganye suka taru. Mutum ɗaya ne a kusa, shi ne wanda gonar za ta zama tasa in ganye ɗaya ya kama. Ba wanda zai zarge shi in ya yi jinkirin taku biyu. Sule ya yi tsalle ya fāɗa kansa da buhu, da ƙirji, da ciki, ya yi ta birgima a kai kamar jaki a toka. Da ya tashi ba wuta, ba hayaƙi, sai ƙasa a bakinsa. Ya tofar, ya dube ni.

"Yaya, ba don kai na yi ba. Tsoron bakin Gwaggo nake ji."

Ku riƙe masa wannan, ko da yake maƙaryaci ne a kan batun gira.

Abu ɗaya da yake faɗa muku gaskiya ne: da ruwan farko ya sauka, duk gonar ta zauna fes, ban da tabarma biyun nan da na ƙone. A nan kaɗai tofa ta fito, kore shar, ta fi ta da kyau, don wuta ba ta kai saiwa. Sai da na bi ta da fartanya. Bindigar kuwa tana nan rataye a rumbu, in kun ga dama ku je ku gaishe ta, amma kada wanda ya kunna.

A ranar dai ban san da wannan ba, ina cikin nasara. Da la'asar Baba ya tashi ya bi iyaka da sandarsa, maƙwabta suna biye. Ya duba harawa, ya shafa danga, ya tsuguna a gindin lalle ya tona ganyen da yatsa, ya bi layin gamba har ƙarshe. Gwaggo ta so ta sami abin faɗa ba ta samu ba. Ya dawo tsakiyar gona inda nake tsaye da bindiga a kafaɗa da gira ɗaya, ya ce ba a ci karan kowa ba, gayauna tawa ce, jama'a su shaida. Daɗi ya kwashe ni, na ce Baba ai yanzu ka ga aikin injin Turawa da idonka, dubi gona kamar an lashe. Ya dubi gonar. Ya dubi samarin da suke kwance a inuwa da fartanyunsu, da ƙoren furar da aka sauke, da ɗan baƙin tabon da yake tsakiya.

"Na gani," ya ce. "Inji ne mai albarka. Tsoronsa kaɗai ya nome gona. Baɗi ba sai ka sayi kananzir ba, ka rataya shi a kafaɗa kawai ka zagaya gari."